Yunwa da Taimakon Abinci a Ƙasar Haɗeja

Ƙasar Haɗeja tana gabas maso arewa da Kano, kuma Allah ya halicce ta kashi biyu. Kashin arewa, wajen Birniwa da Malam Madori da Kaugama, jigawa ce, ƙasar rairayi, inda manomi ba shi da abin dogara sai ruwan sama da geronsa. Kashin kudu da gabas kuwa, wajen Auyo da Guri da Kiri Kasamma, fadama ce. Kogin Kano da Kogin Calawa su ne suka haɗu kusa da Wudil suka zama Kogin Haɗeja. Shi kuwa da ya wuce birnin sai ya rarrabu rassa rassa, ya bazu cikin ƙasa shimfiɗaɗɗiya kamar faifai, har ya gamu da ruwan Jama'are, su zama Kogin Yobe, su nufi Tafkin Cadi.

A shekarar da ruwa ya cika, fadaman nan ta kan ba da shinkafa da kaka, ta ba da alkama da albasa da barkono da rani. Ga kifi ga masunta, ga ɗanyar ciyawa ga shanun Fulani lokacin da ko'ina ya bushe. Amma duk da wannan ni'ima yunwa ta sha shiga ƙasar. Labarin da ke biye na yadda a ke ciyad da mutane ne in damina ta ƙi: wa ke ba da hatsin, daga ina ya ke fitowa, wa kuma ke da ikon cewa a bayar ko a hana. Mai karatu zai ga cikin shekara ɗari da 'yan kai mai ikon nan kullum sai ƙara nisa ya ke yi da mai jin yunwa, daga maigida zuwa fada, daga fada zuwa ofishin Razdan a Kano, daga can zuwa Ikko, har ya kai biranen Roma da Washinton.

Rumbun gida da rumbun sarki

Kafin zuwan Turawa garkuwar farko ta talaka rumbunsa ne. Gero in an adana shi da zangarniyarsa, dami bisa dami, ya kan yi shekara biyu ko uku bai lalace ba. Sabo da haka maigida mai hankali ba ya barin a taɓa ƙasan rumbu sai ya ga sabon hatsi ya nuna. Gidan da ke noman gandu, uba da 'ya'ya da ƙanne suna aiki gona ɗaya, ya fi iya wannan ajiya, domin rumbu ɗaya ne, mai buɗe shi kuma ɗaya ne.

Bayan rumbun gida sai zakka. Shari'a ta ɗora kashi ɗaya cikin goma bisa amfanin da ruwan sama ya shayar, rabin haka kuwa bisa wanda aka shayar da jigo. Dagatai da hakimai su ke tarawa, hatsi ne a ke karɓa, hatsi kuma a ke ajiyewa. In shekara ta yi tsanani talakawa su kan sa ido sarki da masu sarauta su buɗe. Malamai ba su bar sarakuna sun manta da wannan nauyi ba. Su kan tuna musu da Annabi Yusufu, wanda ya tara abincin shekarun wadata ya ciyad da Masar da maƙwabtanta a shekarun fari. Su kan kuma kawo labarin Shekarar Toka, shekara ta 18 bayan Hijira, da fari ya auka wa Madina, Halifa Umaru ɗan Haɗɗabi ya rubuta wa gwamnoninsa, aka aiko da ayarin raƙuma ɗauke da abinci. Watau aika abinci daga ƙasa zuwa ƙasa domin ceton mayunwata daɗaɗɗen abu ne ga Musulmi.

Kada a zaci zamanin nan babu wahala. Ba kowane mai sarauta ne ya cika amana ba, yaƙi kuma ya kan cinye abin da fari ya bari. Yaƙe-yaƙen Sarkin Haɗeja Buhari, wanda ya yi wa Sakkwato tawaye tsakanin 1848 da 1863, sun tashi ƙauyuka da yawa a gabashin Kano, manoma suka bar gonakinsu.

In rumbun gida ya ƙare, na sarki bai isa ba, sai a gangara fadama. Can a ke haƙar bado a ci saiwarsa da 'ya'yansa, a ci goruba da muruci, a kama tarwaɗa da karfasa cikin tafkunan da ruwa ya bari, a yi ƙwadago a gonakin rani a sami mudu. Mutanen jigawa sun san wannan hanya tun kaka da kakanni. Fadamar ita ce rumbu na uku, kuma ita ce mafi girma.

Kakalaba

Turawa sun ci Haɗeja da yaƙi cikin watan Afrilu 1906, Sarki Muhammadu ya rasu a fagen fama, shi ya sa a ke ce masa Mai Shahada. Aka haɗa ƙasar cikin Lardin Kano. Ba a daɗe ba sai aka narkar da zakka da sauran kuɗaɗen ƙasa aka mai da su haraji guda, a ke biyansa da tsabar kuɗi, a ke zuba shi Baitulmali. Wannan canji ƙarami ne a takarda, amma babba ne a ƙauye. Da, abin da hukuma ta karɓa hatsi ne, yana nan cikin ƙasa a ajiye. Yanzu kuwa dole manomi ya kai hatsinsa kasuwa da kaka, lokacin da ya fi araha, domin ya sami sulallan haraji, hatsin kuwa ya bi fatake ya tafi.

A 1911 jirgin ƙasa ya iso Kano. Shekara ta zagayo kamfanonin Turawa suka shiga sayen gyaɗa da tsada, manoma da yawa suka ba gyaɗa wani yanki na gonar gero. Ana cikin haka sai daminar 1913 ta ƙi, daga Barno har Sakkwato, har cikin ƙasar da Faransa ke mulki. Kafin bazarar 1914 rumbuna sun zama wayam. Wannan ita ce yunwar da Hausawa suka sa wa suna Kakalaba. Mutane suka riƙa tona gidan tururuwa suna neman ƙwayar da ta ɓoye, suna cin ganyaye da ƙaiƙayi. Jama'a daga arewa suka yi ta kwarara kudu, da yawansu suka mutu bisa hanya. A Lardin Kano kaɗai dubban mutane suka halaka, ƙasashen da ke iyaka da Faransa kuwa su suka fi shan wuya.

Gwamnati ba ta farga da wuri ba. Shekaran nan ce Gwamna Lugga ya haɗa Kudu da Arewa, cikin watan Agusta kuma yaƙin duniya na farko ya tashi, hankalin manya yana wani wuri. An kawo shinkafa daga kudu cikin jirgin ƙasa, amma ta zo kaɗan, ta kuma zo a makare. Ko da ta iso tashar Kano, babu yadda za a kai ta gari mai nisa kamar Haɗeja sai a bayan jaki da raƙumi, su kuwa dabbobin yunwa ta riga ta kassara su. Abincin agaji ya zo ƙasar Kano daga nesa, kuma tun a karon nan aka ga aibin da zai yi ta binsa har yau: kafin labari ya kai ga mai iko, mai iko ya yarda, a sayi hatsi, a ɗauko shi, damina ta riga ta faɗi, wanda zai mutu ya mutu.

'Yar Buhu da 'Yar Gusau

Hausawa su kan laƙaba wa yunwa suna, sunan kuwa ya kan faɗi inda aka sami abinci. Yunwar 1927 an ce mata 'Yar Buhu, domin a cikin buhuna aka riƙa kawo hatsin da En'e ta saya da kuɗin Baitulmali. Mutanen da suka saba ganin hatsi a dami ko a taiki suka ga buhu, sunan ya bi shekarar. Daga nan hukuma ta ɗan koyi darasi. Aka fara tanadin hatsi a wasu En'o'i, da fara ta yi ta sauka cikin shekarun 1930 kuma aka riƙa kwaɗaita wa manoma dasa rogo, domin fara ba ta iya cin abin da ke ƙarƙashin ƙasa. A 1930 layin dogo ya tashi daga Kano ya bi ta Malam Madori da Birniwa ya kai Nguru, ƙasar Haɗeja ta sami tasha a ƙofarta.

Amma hanyar da ke kawo buhu ita ce kuma ke fita da shi. Lokacin yaƙin duniya na biyu, daga 1942 zuwa 1944, gwamnati ta ɗora wa En'o'in Arewa tara hatsi domin soja da leburorin da aka tilasta wa aikin haƙar kuza a Jos. Aka kwashe abinci daga ƙauyuka a shekarun da damina ba ta yi kyau ba. Yunwar lokacin nan ita ce 'Yar Gusau, sabo da tashar Gusau mutanen yamma suka riƙa nufa neman abin da za su ci. 

Asusun al'ummai

Taimakon abinci tsakanin ƙasashe, irin wanda a ka sani yanzu, bayan yaƙin duniya na biyu ya samo asali. Manoman Amurka sun noma alkama da masara fiye da abin da za su iya sayarwa, gwamnatinsu ta saye rarar ta cika ma'ajiyai. A 1954 Shugaba Eisenhower ya sa hannu a dokar da ta ba da damar a sayar wa ƙasashe matalauta wannan rara da rahusa, ko a ba su kyauta. Taimako ne, amma kuma hanya ce ta rage wa kasuwar gida nauyi da neman abokai a lokacin da Amurka da Rasha ke gasar mallakar zukatan ƙasashe.

A 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta kafa Hukumar Abinci ta Duniya, wadda a ke kira WFP, mazauninta birnin Roma, ta fara cikakken aiki a 1963. Akwai abu guda game da hukuman nan da ya kamata mai karatu ya riƙe, domin shi ne mabuɗin sauran labarin. Ba ta da haraji, ba ta da gandu. Babu ƙasar da aka wajabta wa ba ta ko anini. Kowace shekara sai ta bi gwamnatoci tana roƙo, kowa ya ba da abin da ya ga dama, sau da yawa ma ya ce ga ƙasar da ya ke so a kai. Zakka wajibi ce mai ƙayyadadden rabo, haraji ma tilas ne. Asusun al'ummai kuwa sadaka ce, mai bayarwa yana iya janye hannunsa ran da ya so.

Farin 1973

Daga 1968 ruwa ya fara ja baya a ƙasashen bakin Sahara, a 1972 da 1973 abin ya kai matuƙa. Shanu suka mutu garke garke, Tafkin Cadi ya janye, gyaɗa ta ƙi, dalar gyaɗa ta Kano ta kama hanyar ɓacewa. Ƙasashe shida, watau Muritaniya da Senegal da Mali da Bolta ta Sama da Nijar da Cadi, suka haɗa kai a 1973 suka nemi duniya ta agaza. Jiragen ruwa suka kawo dawa da masara daga Amurka da Turai, aka yi ta jigilarsu daga bakin teku zuwa cikin ƙasa da mota da jirgin sama. An ceci rayuka masu yawa. Amma an makara, wani hatsin ya ruɓe a tasha, wani ya ɓace tsakanin ma'ajiya da mayunwaci. A Nijar zargin karkatar da abincin agaji na cikin dalilan da Seyni Kunce ya kawo da ya tumɓuke Shugaba Jori Hamani ran 15 ga Afrilu 1974. Cikin watan Nuwamba na shekaran nan aka yi babban taron abinci na duniya a Roma, aka yi alkawura.

Nijeriya ba ta shiga sahun masu roƙo ba. Kuɗin man fetur ya fara shigowa, ga kuma abin da ya faru lokacin yaƙin basasa, daga 1967 zuwa 1970, da jiragen ƙungiyoyin agaji suka riƙa sauka Biyafara ba da iznin gwamnati ba, abin da ya hana shugabanni sakin jiki da ƙungiyoyin waje. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ba jihohin Arewa kuɗi daga aljihunta, jama'a suka yi karo-karo, Jihar Kano ƙarƙashin Gwamna Audu Bako ta sayi hatsi ta rarraba ta hannun hakimai da dagatai.

Me wannan rabo ya tsinana wa ƙasar Haɗeja? An yi sa'a akwai wanda ya zauna ya duba. Wani malamin jami'a, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Kano, ya yi shekara goma sha wani abu yana komawa ƙauyen Dagaceri na ƙasar Birniwa, ya rubuta abin da ya gani cikin littafin da ya fito a 1989. Ya tarar hatsin gwamnati ɗan kaɗan ne cikin abin da ya raya mutane. Abin da ya riƙe su shi ne sai da awaki da tumaki, da saƙar tabarma da tufkar igiya da kaba, da cin ganyayen daji, da taimakon dangi, da tafiya cin rani birane a aiko da kuɗin mudu. Da ruwan ciki a kan ja na rijiya.

Shekara goma bayan haka fari ya komo, 1983 da 1984. A wannan karo gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa cikin Afrilu 1984, hatsin da ya saba haurawa Maraɗi da Damagaram daga kasuwannin Kano ya tsaya. Mutanen Nijar suka sa wa yunwar sunan El-Buhari. Har wa yau sunan ya faɗi inda mabuɗin abinci ya ke.

Madatsun ruwa da kacala

Maganin da gwamnati ta ɗauka na fari shi ne tare ruwa. An gama madatsar Tiga bisa Kogin Kano a 1974, aka kafa Hukumar Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, aka gama madatsar Calawa a 1992, shekara guda bayan an yanke Jihar Jigawa daga Kano. Birnin Kano ya sami ruwan sha, manoman Kura da Kadawa suka sami noman rani, a Auyo ma aka yi shingen ruwa da magudanai.

Sai dai mutanen fadama, waɗanda ke ƙasa, ba a tambaye su ba. Ruwan da ya saba zuwa da ƙarfi da damina ya malale fadama ya janye, sai ya koma zuwa kaɗan kaɗan duk shekara. Ƙasar da ruwa ke rufewa ta ragu ƙwarai, shinkafar fadama da kifi suka ragu tare da ita. Inda ruwa ya daina janyewa kuwa sai kacala ta tsiro ta toshe rassan kogi. Ruwa ya bar wasu hanyoyinsa na da suka bushe, ya taru a mashigin Marma wajen Nguru yana cin gonaki. Cikin kacalan nan tsuntsayen jan-baki ke kwana, da safe su faɗa wa shinkafa da gero. Masana da suka auna cikin shekarun 1990 sun tarar ruwan da aka bari ya malale fadama ya fi ba da amfani, in an haɗa noma da su da kiwo da itace, bisa wanda aka tare domin manyan gonakin ban ruwa na sama.

Toshewar kogi ta haifi wata masifa. Ƙasar da ta saba kukan fari ta koma kukan ambaliya, kamar yadda aka gani a 2012 da 2018 da 2020 da 2022. A 2022 mutum fiye da 600 suka rasu a faɗin Nijeriya, Jigawa kuwa na cikin jihohin da suka fi shan ɓarna. Samarin Haɗeja suka kwana suna cika buhuna da ƙasa suna jinga domin kada ruwa ya ci birnin. Bayan ruwa ya janye sai motocin hukumar agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, wadda aka kafa a 1999, su iso da shinkafa da masara, a raba wa manoman da shinkafarsu ke ƙarƙashin ruwa.

Kuɗi maimakon buhu

A waje kuma tsarin taimako ya yi ta sakewa. A 2005 yunwa ta kama yankin Maraɗi, Majalisar Ɗinkin Duniya ta yi ta kira wata da watanni ba a amsa ba, sai da hotunan yara ramammu suka fito a talabijin na Turai cikin watan Yuli kuɗi ya fara zuba. Irin wannan jinkiri na cikin abin da ya sa Majalisar ta buɗe asusun gaggawa na ko-ta-kwana a 2006. An kuma gane sau da yawa hatsi yana nan a kasuwa, kuɗin saye ne babu, sabo da haka ba da kuɗi ya fi sauri da araha bisa ɗauko dawa daga hayin teku.

An gwada wannan a cikin fadamar Haɗeja kanta. Daga 2013 zuwa 2019 gwamnatin Ingila ta ba da kuɗi, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger suka gudanar da wani shiri a ƙananan hukumomi biyar, Anka da Tsafe a Zamfara, Buji da Gagarawa da Kiri Kasamma a Jigawa. Mace in ta sami ciki a kan ba ta naira 3,500 kowane wata, daga baya aka ƙara zuwa 4,000, har ɗanta ya cika shekara biyu, tare da koya mata yadda a ke ciyad da yaro. Da aka auna yaran aka tarar tsumburewa ta ragu cikinsu, iyaye mata da yawa kuma suka sayi awaki suka kama sana'a. Shirin ya yi kyau. Amma an yanka masa wa'adi tun daga London, da wa'adin ya cika ya tsaya.

Gabas da Haɗeja kuwa, a Yobe da Barno da Adamawa, rikicin Boko Haram ya kori miliyoyin mutane daga gonakinsu. Nijeriya da ta ƙi roƙo a 1973 ta buɗe wa WFP ƙofa a 2016. Cikin Fabrairu 2017 Majalisar Ɗinkin Duniya ta lissafa arewa maso gabashin Nijeriya tare da Sudan ta Kudu da Somaliya da Yaman, ta ce mutum miliyan 20 na bakin halaka. Cikin watan nan aka taru a birnin Oslo aka yi alkawarin dala miliyan 672 domin Nijeriya da ƙasashen Tafkin Cadi. Taimakon ya isa da dama-dama, babbar yunwar da a ke tsoro ba ta auku ba. A 2020 aka ba WFP lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya.

Da asusu ya ragu

A 2022 WFP ta tara dala biliyan 14, abin da ba ta taɓa samu ba. Shekara ta zagayo ya faɗo zuwa biliyan 8 da ɗoriya. A 2024 ta sami kusan biliyan 10, kusan rabinsa kuwa daga Amurka kaɗai. Ingila ta riga ta rage kason da ta ke warewa na taimakon ƙasashen waje tun 2021. Sai ga shi a 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta rushe hukumar taimako ta Amurka, USAID, wasu ƙasashen Turai ma suka tsuke bakin aljihu. Cikin Yuli 2025 WFP ta yi shelar abincinta na arewa maso gabashin Nijeriya na gab da ƙarewa, mutum miliyan 1.3 za su rasa rabo, a kuma rufe ɗakunan jinyar yara masu tamowa wajen 150. Cikin Satumba Amurka ta ba da dala miliyan 32.5 aka ɗan toshe ɓaraka. Yaron da ke kwance a Yobe bai san an yi zaɓe a Amurka ba, amma zaɓen ya iso har kwanonsa.

Abin mamaki, a shekarun nan ne kuma aka juyo ana neman fadamar Haɗeja ta ciyad da wasu. Da yaƙin Rasha da Yukren ya tashi a 2022 alkama ta yi tsada a duniya, Bankin Raya Afirka ya buɗe asusun gaggawa na noman abinci na dala biliyan 1.5, ya ba Nijeriya rancen dala miliyan 134. A ƙasar Haɗeja aka yi bikin buɗe noman alkama na rani na ƙasa duka cikin Nuwamba 2023, aka ba manoma iri da taki da rangwame. A farkon shekaran nan kuma aka buɗe magudanan Auyo bayan an gyara su da rancen Bankin Duniya. Waɗannan kuɗi bashi ne, sai an biya, amma ƙasa aka zuba su, abin da suka haifa kuwa yana nan kusa.

Wanda ya bi labarin nan daga Kakalaba zuwa yau ba zai raina buhun agaji ba. Ya ceci rai a 1927, ya ceci rai a 1974, ya ceci rai a 2017, wanda ya ba da shi kuma ya cancanci godiya. Amma a kowane karo lokacin zuwansa da yawansa da ranar yankewarsa a hannun wani su ke, wanda bai taɓa ganin Guri ko Birniwa ba. Zanen aro ba ya rufe katara. Abin da ke hannun mutanen ƙasa da hukumominsu shi ne kogin: a sako ruwan Tiga da Calawa bisa lokacin da fadama ke bukatarsa, a yashe rassan da kacala ta toshe, a tsare burtali da mashaya domin manomi da makiyayi su zauna lafiya, a tara zakkar hatsi a ajiye ta inda mabukata su ke, maigida kuma ya koma ga al'adar kakanninsa ta barin ƙasan rumbu sai sabo ya nuna. In an yi haka, ran da fari ya komo, kuma zai komo, buhun da zai zo daga nesa zai tarar da mutane a tsaye. Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyashe bayinsa daga yunwa, amin.